Shin fuskar ɗan dambe ce ke nuna wanda ya ci wasa?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya a kan damben boksin na ƙwararru, wanda ake yi don kuɗi da kambu. Ya ce yakan ga an ɗaga hannun mutumin da idonsa ya kumbura, hanci na zubar da jini, alhali wanda aka ce an cinye shi, fuskarsa tas, ko ƙwarzane babu. Wani lokacin kuma sai likita ya tsayar da wasa don gira ta tsage, a ba ɗayan nasara, ko da mai raunin ne ke kan gaba. A ganinsa wanda ya fi ɓata fuskar wani shi ya fi ƙarfin hannu, kuma shi ya kamata ya ci. To ina adalcin yake?

Ɗan'uwa, an ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma labarin dambe in ka tambaye ta sau da yawa ƙarya za ta shirga maka. Wanda ya saba zuwa gidan damben gargajiya ya riga ya san haka. Mutum zai sha zare har leɓe ya fashe, jini ya wanke masa ƙirji, amma muddin hannunsa ko gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba, turmi uku za a yi a tashi babu kisa. A boksin ma ba a ƙirga jini. Alƙalai uku ne ke zaune a gefen fage, kowa da takardarsa, kuma kowane turmi na minti 3 hukuncinsa daban: wanda ya ci turmin maki 10, ɗayan 9, in an kai shi ƙasa yawanci 8. Abin da suke dubawa shi ne naushin da ya shiga da kyau, da wanda ke matsa wa ɗan'uwansa lamba mai amfani, da wanda ke juya wasan yadda yake so, da iya kare kai. Mutum na iya cin turmi 8 da wayo, ya sha wuya a 4, a cikin 4 ɗin nan a lalata masa fuska. Lissafi nasa ne, ko da hoton da jaridu za su buga gobe ya ce ba haka ba.

Sannan fata ba iri ɗaya ba ce. Taɓa girarka ka ji. Ƙashi ne mai baki a ƙasa, fata siririya a sama, babu tsokar da ta shiga tsakani. Idan naushi ya sauka a nan, fatar ce ke matsewa tsakanin safar hannu da bakin ƙashin, sai ta tsage. Wani Allah ya yi shi da gira mai tudu da ƙashin kunci a fili, ko shafarsa aka yi sai jini. Wani fuskarsa cike take, a yi ta dukansa har a gaji ba za ka ga komai ba sai washegari. Wurin da aka taɓa ɗinkewa kuma ba ya komawa yadda yake, tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayyar fata, shi ya sa tsohon ɗan dambe ya fi yaro saurin fashewa. Henry Cooper na Ingila ya kai Muhammad Ali ƙasa a Wembley a 1963, a ƙarshen turmi na 4, lokacin ana kiran Ali da suna Cassius Clay. A turmi na 5 aka tsayar da wasan don girar Cooper ta buɗe, kuma haka wannan gira ta yi ta cin amanarsa har ya bar dambe. Namu ma na gida, Hogan Bassey ɗan Kalaba, wanda ya ɗauki kambun duniya a 1957, jini ne ya rufe masa ido a hannun Davey Moore a 1959 har ya kasa fitowa bayan turmi na 13.

Abin da 'yan kallo ba su cika lura da shi ba shi ne, naushin da ke yanka fata ba lalle ne ya zama mai nauyi ba. Galibi wanda ya goga ya wuce ne, ko wanda aka murɗa hannu daidai lokacin saukarsa. Wasu tsagogin ma ba na hannu ba ne sam, gware ne ko gwiwar hannu, musamman in bahago ya haɗu da na dama, don kawunansu kan bi layi ɗaya idan kowa ya kawo hari.

Shi kuwa ƙarfin naushi daga ƙasa yake tasowa. Ƙafar baya ta tokare, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu shi ne na ƙarshe a layi. Shi ya sa za ka ga mai ƙirar ƙarfi, damtse kamar ya fashe, amma naushinsa ba ya kayar da kowa, ka ga siriri dogo yana kwantar da mutane. Kuma abin da ke kayar da mutum ba zafi ba ne. Ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai kamar kindirmo take a cikin ƙwarya: ka ƙwanƙwasa ƙwaryar tana zaune daram ba abin da zai same shi, amma ka fizge ta gefe guda ka ga yadda zai kaɗe. Naushin da ya kama haɓa ko gefen muƙamuƙi yana juya kai da sauri, ƙwaƙwalwa ta girgiza, ƙafa ta daina karɓar saƙo. Idan ka ga naushin yana zuwa, wuya kan ɗaure, haƙora su cije, kai ya ƙi juyawa sosai. Wanda ba ka gani ba shi ke kai ka ƙasa, kuma yawanci ba ya barin wata alama a fuska.

Dubi abin da ya faru a Las Vegas a watan Disamba na 2012. Juan Manuel Marquez na Meziko hancinsa ya karye, jini ya ɓata masa fuska, alƙalan uku duk sun sa Manny Pacquiao a gaba da maki guda. Saura daƙiƙa ɗaya a kaɗa ƙararrawar turmi na 6, Pacquiao ya afko, Marquez ya tare shi da dama guda, Pacquiao ya kife da fuska bai motsa ba. Da hoton fuskokinsu aka nuna maka minti ɗaya kafin nan, rantsuwa za ka yi Marquez ne zai kwanta. Haka Deontay Wilder da Luis Ortiz a 2019: Ortiz na gaba a takardun duka alƙalan, bai sha wani dukan kirki ba, dama guda daga Wilder a turmi na 7 ta gama zance. Wilder ɗin nan nauyinsa kilo 96 ne da ɗan kai ranar da ya fara haɗuwa da Tyson Fury a 2018, Fury kuwa ya haura kilo 116, amma sau biyu Wilder ya kai shi ƙasa.

Akwai kuma wani irin ƙarfi daban, na masu nauyin hannu irin Gennady Golovkin, waɗanda kowane naushi nasu sai ya bar ciwo ko da a kan hannun da ka kare da shi ya sauka. Su ne masu karya ƙashi. Wancan ya kashe maka fitila nan take, wannan ya yi ta rushe ka a hankali. Dukkansu ƙarfi ne, amma na biyun kaɗai fuska ke ba da shaidarsa.

Kada ka ɗauka safar hannu don tausayin wanda ake duka aka kawo ta. Dokokin boksin na Queensberry na 1867 ne suka kafa ta, kuma babban aikinta kare yatsun mai dukan. Ta rage tsagewar fuska, gaskiya ne, amma ita ce ta ba mutum damar dukan kai da iyakar ƙarfinsa har turmi 12 ba tare da hannunsa ya karye ba. Saboda haka raunin da ya fi tayar wa likita hankali ba shi ne wanda kake gani a talabijin ba. Duk Koo Kim na Koriya ta Kudu, da ya rasu bayan wasansa da Ray Mancini a 1982, jini ne ya zuba masa a cikin kai. Bayan rasuwarsa ne hukumar damben duniya ta WBC ta rage wasannin kambu daga turmi 15 zuwa 12, sauran hukumomin suka biyo baya.

Yanzu ga batun tsayar da wasa. Da za ka tsaya kusa da kusurwa ka ga abin da ake yi a minti ɗayan hutun nan, da ka fahimci abin da likita ke aunawa. Ƙararrawa na kaɗawa mai kula da rauni ya riga ya haura, kafin ɗan damben ya zauna ma an ci daƙiƙa goma. Ya share jinin da tawul mai sanyi, ya cusa audugar da aka jiƙa da maganin tsuke jijiyar jini a cikin tsagar, ya haɗa bakinta da yatsu biyu ya danne. Ba ya ɗagawa ya leƙa, don leƙen nan ne ke sake buɗe ta. Ɗayan hannun yana riƙe da wani ɗan ƙarfe mai faɗi da aka ajiye cikin ƙanƙara, yana danna shi a kan kumburin. Koci na magana, wani na ba da ruwa, shi ko kallonsu ba ya yi. Saura daƙiƙa kaɗan ya cike tsagar da basilin, in ya yi yawa lafari ya sa a goge. In hanci ne ya fashe, abu na farko da za a ce wa yaron shi ne kada ya kuskura ya fyace. Idan ƙashin da ke kewaye da ido ya tsage, iskar fyacewar na bi ta nan ta cika fatar idon, nan take ido ya rufe ruf.

Likita ba yawan jini yake dubawa ba. Goshi na iya zubar da jini kamar an yi yanka, amma ba komai. Abin da yake tambaya shi ne a ina tsagar take, kuma yaron yana gani? Tsagar da ta ci fatar ido kanta, ko ta kusa da kusurwar ido ta wajen hanci inda hawaye ke bi, ko wadda ke zuba kai tsaye cikin ido, ita ce matsala. Mai ido ɗaya ba ya ganin naushin da ke zuwa ta wannan ɓangaren, kuma ka ji abin da irin wannan naushi ke yi.

Doka ta raba abin gida biyu. In naushi ne ya jawo raunin har aka tsayar, mai raunin ya faɗi, komai makinsa. In gware ne ba da gangan ba, a yawancin manyan wasanni ana duba ko an kammala turmi 4: in ba a kammala ba wasa ya tashi babu wanda ya ci, in an kammala a koma takardun alƙalai. A 2003 a Los Angeles, Vitali Klitschko na gaban Lennox Lewis da maki 58 da 56 a wajen duka alƙalan uku, amma damar Lewis ta yaga masa fatar idon hagu, likita ya hana shi fitowa bayan turmi na 6, aka yi masa ɗinki wajen 60. Mutane sun yi ta ihu, shi kansa ya yi ta cewa a bar shi. Ni dai ban ga zalunci a nan ba. Lewis da hannu ya yi aikin, ba da kai ba, kuma lalata idon abokin karawa da halastaccen naushi hanya ce ta cin wasa kamar kai shi ƙasa.

Inda nake ganin rashin adalci shi ne idan ma'aunin ya canza saboda sunan mai raunin. A 2019 a Las Vegas, Otto Wallin ɗan Suwidin, wanda ba a san shi sosai ba, ya tsaga girar Tyson Fury da naushi a turmi na 3. Raunin ya ci ɗinki 47. An bar Fury ya kai turmi 12 ya ci da maki, kuma kowa ya san ana shirya masa wasan miliyoyin daloli da Wilder a gaba. Fury ya yi jarumta, ba na musu. Amma da tsagar nan a fuskar Wallin take, ina kyautata zaton da tuni an sallami kowa ya tafi gida. Wannan ra'ayina ne, amma duk wanda ya daɗe a harkar ya san baƙo ba ya samun irin haƙurin da ake yi wa mai cika fili da 'yan kallo.

Akwai raunin da ya fi tsagar gira muni, wanda kuma 'yan kallo suka fi zagin mutum a kansa, wato karyewar ƙashin gurbin ido. Ƙasan gurbin nan siriri ne ƙwarai. Idan naushi ya danna ƙwayar ido ciki, shi ne ke fashewa, wani lokacin tsokar da ke juya ido ta maƙale a tsagar. Mutum sai ya riƙa ganin abu biyu-biyu, kunci da leɓen sama su mutu ba ya jin su. Daniel Dubois ya durƙusa da kansa a turmi na 10 a gaban Joe Joyce a 2020, bayan Joyce ya kwana yana tsikarar idonsa na hagu da hannun gaba. Aka yi masa ca, wai matsoraci ne. Cikin masu sukar har da Billy Joe Saunders. Wata shida ba a cika ba Canelo Alvarez ya fasa wa Saunders nasa ƙashin a Texas, bai fito turmi na 9 ba. Dubois kuwa ya warke, shi ne ya kwantar da Anthony Joshua a Wembley a 2024. Da ya tsaya neman yabon 'yan kallo a daren wasansa da Joyce, wa ya san da wane ido zai ga Joshua? Na san za a kawo mini Naoya Inoue na Japan, wanda Nonito Donaire ya karya wa wannan ƙashi a turmi na 2 a 2019, ya daure har 12 ya ci. Ya yi sa'a ne a kan bajinta, ba abin koya wa yara ba ne.

Duk da haka akwai ranar da fuska ke faɗin gaskiya, kuma ranar ce ya kamata hankalin kowa ya tashi: idan mutumin da ba a san shi da ƙarfin hannu ba ya wayi gari yana farfasa fuska. A watan Yuni na 1983, a Madison Square Garden, Luis Resto ya yi turmi 10 da wani yaro Billy Collins, wanda ba a taɓa cinye shi ba. Resto ba mai kisa ba ne, amma idanun Collins biyu suka kumbura suka rufe. Da aka tashi, mahaifin Collins, wanda shi ne kocinsa, ya je gaisawa da Resto, yana kama safar ya ji yatsu a ƙarƙashin fata, babu abin da ya kamata ya ji na laushi. Bai saki hannun ba sai da ya kira jami'an hukuma. Bincike ya nuna kocin Resto, Panama Lewis, ya zare wani ɓangare na cikon safar. Idon Collins ya lalace, dambe ya ƙare masa, ya rasu a haɗarin mota a 1984. An ɗaure Resto da Lewis a 1986. Bayan shekara 20 da ɗoriya Resto ya faɗa da bakinsa cewa har naɗin hannun an jiƙa da simintin da ake ɗaure karaya da shi a asibiti.

Shi ya sa ɗakin shiri ya fi fage muhimmanci a wajen masu neman adalci. Ana naɗe hannu ne a gaban jami'in hukuma da wakilin abokin karawa. Bandeji da filasta kawai aka yarda da su, filasta ba ta hawa kan gaɓoɓin da ke dukan, in an gama jami'in ya sa hannu a kan naɗin da alƙalami, a sa safa, a naɗe wuyanta, ya sake sa hannu. Safar ma tana da awo, galibi oza 8 ga masu nauyin kilo 66.7 zuwa ƙasa, oza 10 ga na sama da su. Wakili nagari ba ya tsayawa daga bakin ƙofa yana hira, matsowa yake ya latsa da babban yatsa. Haka Naazim Richardson, kocin Shane Mosley, ya yi a Janairun 2009, ya ji tauri a naɗin Antonio Margarito. Aka kwance, aka sami wani ƙyalle mai ɗauke da sinadaran simintin nan. Aka sake naɗi, Mosley ya tsayar da shi a turmi na 9, hukumar Kalifoniya ta ƙwace lasisinsa da na kocinsa. Margarito ya ce bai san da abin ba. Sai mutane suka tuna yadda ya mayar da fuskar Miguel Cotto wata shida kafin nan. Babu wanda ya tabbatar an yi maguɗi a wancan wasan, amma zargin ya bi shi har yau.

Sai sikeli. An raba 'yan dambe aji-aji ne don kada babba ya murƙushe ƙarami, amma awo ana yin sa ne kwana ɗaya kafin wasa. Mutum ya matse ruwan jikinsa ya hau sikeli a bushe, ya sauka ya yi ta sha da ci, gobe ya shigo da ƙarin kilo 6 ko 7. A 2000 Arturo Gatti da Joey Gamache sun yi awo a aji ɗaya, daren wasa Gatti ya fi shi da kusan kilo 7. Turmi na 2 aka kwashe Gamache, ya samu rauni a ƙwaƙwalwa, bai sake dambe ba. Hukumar damben duniya ta IBF na sake awo da safiyar wasan kambunta, ba a yarda ka haura iyakar ajin da fiye da kilo 4 da rabi ba, kuma da sauran sun bi ta da an rage ɓarna. Wani lokacin kuma kuɗi ne ke sa mutum ya tsallake ajinsa da ƙafarsa. Kell Brook ya haura aji biyu a 2016 ya tari Golovkin a Landan, ƙashin idon dama ya karye, kocinsa ya jefa tawul a turmi na 5. Aka sa masa ƙarfe, ya koma ajinsa a 2017, Errol Spence ya karya na hagun. Nauyi dai ba shi ne komai ba, don Margarito ya fi Pacquiao da kusan kilo 8 a daren wasansu na 2010, amma shi aka kai asibiti da karyayyen ƙashin ido. Sai dai irin Pacquiao ba su da yawa, kuma ba a kafa doka a kan wanda Allah ya ware.

A damben gida namu waɗannan abubuwa biyu ne nake so masu shirya wasa su ɗauka, tunda yanzu ana ɗaukarsa a bidiyo duniya na kallo kuma kuɗi sun fara shiga. Zare ba safa ba ne, yankan fata aikinsa ne, don haka duba naɗi bai kamata ya zama na ido daga nesa ba. A kira mutumin ɓangaren abokin karawa, in ɗan Kudu ne zai sa zare da ɗan Arewa to na Arewa ya zo ya latsa hannun da kansa kafin a shiga fili, haka shi ma ɗayan. A ajiye sikeli a bakin fili, a daina haɗa yaro da wanda ya fi shi da kilo 15 don kawai makaɗi ya zuga shi ya ce zai iya. Wanda kuma ya ce yana ganin mutum biyu a gabansa, a kwance masa zare a kai shi wajen likitan ido a daren, kada a jira kumburi ya sauka.